Kada ki zaɓi hodar fuska da hanci

Ƙannena mata, musamman ku da kuka fara sayen kayan kwalliya da kuɗin hannunku, akwai wata ɗabi'a da nake so ku bari tun yanzu. Akasarinmu in mun shiga Kasuwar Dole neman hoda, murfi muke buɗewa mu shinshina, in ƙamshi ya yi mana mu goga kaɗan a bayan hannu mu ga launi, mu biya. Haka na yi shekara da shekaru, alhali fuskata irin mai maiƙo ce, kafin azahar goshi da hanci sun ɗau ƙyalli, ga ta kuma da saurin ƙaiƙayi. Baƙin tabon da ke kumatuna yau hodar da na saya don ɓoye maiƙon ce ta bar mini shi.

Mu matan Damagaram ba a raba mu da ƙamshi, humra da turaren wuta gadonmu ne, kuma ban ce ku bari ba. Amma wurin turare tufafi ne da ɗaki. Likitocin fata sun daɗe da sanin cewa turaren da ake zubawa cikin kayan shafa yana kan gaba cikin abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje a fuska, bayansa sai sinadaran da ake sawa don kada kayan su lalace. Abin da ya ruɗe ni shi ne ciwon ba ya fitowa nan take. Ki shafa yau, sai gobe ko jibi, wani lokaci har gata, fuska ta yi ja, ta yi ƙananan ƙuraje, fatar ido ta kumbura. Kafin nan kin manta da hoda. Ni gyaɗa na ɗora wa laifi, na bar ƙuli-ƙuli, na bar soye-soye, na ce zafin gari ne, ina kuma ƙara hodar don in rufe jan. Kuma hodar da kika shekara kina shafawa lafiya lau tana iya juya miki rana ɗaya, don jiki a hankali yake koyon ƙin abu, in kuwa ya ƙi shi, galibi ya ƙi ke nan har abada.

Don haka ki juya kwalin ki duba bayansa. Ko kayan daga Kano suka shigo, ko daga Faransa, ko Sin, sunayen sinadaran iri ɗaya ake rubutawa, kuma wanda ya fi yawa shi ke farko. In kin ga parfum ko fragrance, ajiye. Ki kuma riƙe waɗannan sunaye: linalool, limonene, geraniol, citronellol, eugenol, coumarin. Duk dangin turare ne, suna cikin 26 da Tarayyar Turai ta tilasta a rubuta sunansu a jikin kwali tun 2005, saboda yawan masu borin jiki da su. Abin da kike nema shi ne sans parfum, wato marar turare, kuma ko kin gan shi a gaban kwali ki tabbatar a baya. Kalmar hypoallergénique kuwa, wadda ake rubutawa don a ce kayan ba su cika tayar da borin jiki ba, kada ta kwantar miki da hankali. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka da kanta ta ce babu wata doka da ta kafa ma'auni ga wannan kalma a can, kamfani ne ke rubuta abinsa. Hodar da ba ta da jerin sinadarai ko kaɗan, ko wadda aka juye cikin ƙaramar roba ana sayarwa, ba ta mai fata irin tamu ba ce, komai arharta.

Masu shanye maiƙo a cikin hoda sanannu ne: silica, da kaolin wato farar ƙasa da aka tace, da garin shinkafa ko na masara da za ki ga an rubuta oryza sativa starch ko zea mays starch, da talc. In akwai zinc oxide ma yana da sauƙi ga fata. Akwai wani da ake kira bismuth oxychloride, shi ke ba wasu hodoji sheƙi, kuma mata da yawa suna jin yana tsikarinsu da zarar sun yi gumi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a bazara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hoda mai walƙiya dai ba ta dace da mai maiƙo ba, ƙyalli take ƙarawa a kan ƙyalli. Ni na fi samun lafiya da hodar gari a kan wadda aka daddanna ta zama dunƙule, don dunƙulen sai an haɗa shi da mai ko kakin da zai riƙe shi, jerin sinadaransa kuma yakan fi tsawo. Sai dai ki sa kaɗan, don farar hodar silica in ta yi yawa takan fito fari fat a hoto a kan baƙar fata.

In kin samu wadda ta yi miki a takarda, kada ki kai ta fuska tukuna. Ki shafa a cikin lanƙwasar hannu, wuri ɗaya, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10. In shiru, ki gwada a gefen haɓa, sannan fuska duka. Na san wannan jira yana da wuya, shi ya sa nake roƙonku kada ku sayi sabuwar hoda a makon Sallah ko ana jibi biki. Kuma abu ɗaya sabo a lokaci guda. In kika canja sabulu da mai da hoda tare, fuska ta tashi, ba ki san wa za ki kora ba.

Ko hodar kirki ma yadda ake shafa ta yana ɓata ta. Hoda ba ta hana fata fitar da maiƙo, wanda ya fito kawai take sha. Na daɗe ina ɗora hoda a kan gumi da ƙurar hanya sau da yawa a yini, har abin ya zama kamar yaɓen laka, ƙofofin gashi su toshe, ƙuraje su biyo baya. Ki fara danna fuska da tsaftataccen ƙyalle mai laushi ko takardar goge fuska, dannawa ba gogewa ba, in ta bushe ki ɗan taɓa hoda a goshi da hanci da haɓa kawai. Soson hodar ki wanke shi da sabulu marar ƙamshi kowane mako, ki bar shi ya bushe sarai. A gidan biki kuma, inda soso ɗaya ke zagaya ƙawayen amarya, ki je da naki, ki ba mai kwalliya hodarki ba tare da jin kunya ba. A hunturu ki rage hodar, ki sa mai marar nauyi marar ƙamshi, don fatar da iska da sabulu mai ƙarfi suka busar komai ya taɓa ta sai ta yi zafi.

In fuska ta riga ta tashi, ki tsayar da komai, ki wanke da ruwa, kada ki sosa, don a fatarmu susa da kumburi su ke barin baƙin tabo mai ɗaukar watanni. Za a nuna miki ƙananan mayuka na tub masu kwantar da ja cikin dare ɗaya, da yawansu suna ɗauke da clobetasol ko betamethasone, irin waɗanda ake cakuɗawa a man bilicin. Na shafa, na ji daɗi da farko, daga baya fata ta yi siriri, ƙuraje suka ƙaru, duk ranar da na daina kuma jan ya dawo fiye da da. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi, ba a sa su a fuska sai da umarnin lokotoro. Ki je asibiti da kwalin hodar a hannunki don a karanta abin da ke ciki. In kuwa leɓe ko ido ya kumbura sosai, ko numfashi ya fara yi miki wuya, kada ki jira gari ya waye.