Abin da kututturen gonakin Maraɗi suka koya mini game da tsara mafita

Duk lokacin da na ji ana maganar magance babbar matsala da dabara guda ɗaya, sai in tuna da Maraɗi. Shekara da shekaru ana dasa itatuwa domin tare hamada, amma yawancinsu suna mutuwa, saboda masu tsara aikin sun ɗauka ƙarancin shuka ne kaɗai matsalar.

A 1983 Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturen da ake sarewa lokacin sharar gona suna da saiwa mai rai, kuma idan manomi ya bar 'yan rassa masu ƙarfi ya rage sauran, itace zai tashi. Amma a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. A wancan zamani doka ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, to me zai sa talaka ya reni abin da za a ci shi tara idan ya sara? Sai da aka sassauta wannan, manomi ya tabbata cewa itacen girki, abincin dabbobi da takin da gawo ke zubarwa nasa ne, sannan aikin ya bazu daga ƙauye zuwa ƙauye, har ya mamaye kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.