Tarihin Rayuwata, Kashi na 31: Asabar da Lahadi a Filin Harbi

A makon jiya mun tsaya a inda na karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka, bayan na haddace tambayoyi 100 da a lokacin ake zaɓo wasu daga cikinsu a yi wa mai nema. Maƙwabcina a jihar Ohayo, wani dattijo Bature mai aikin walda, shi ya riƙa yi mini bitar tambayoyin a bakin garejinsa. Da na ci jarrabawar sai ya ce abin da na haddace tarihin takarda ne, idan ina son in ji yadda ƙasar ta soma, in shirya mu tafi wani horon harbi na ƙarshen mako da ake kira Project Appleseed. Da na faɗa wa uwargida sai ta ajiye ludayi ta dube ni, ta ce, "Malam, baƙar fata, Musulmi, da bindiga a hannu, a ƙauyen Turawa? Ka dai yi tunani." Maganarta tana kan hanya, domin a inda muka taso ba a ganin bindiga sai a hannun soja, ko ɗan sanda, ko maharbi, ko wanda ake gudu. Duk da haka na tafi, saboda ina jin nauyin dattijon.

Wata ƙungiya mai suna Revolutionary War Veterans Association, wadda ta samo asali a garin Ramseur na jihar North Carolina, ita ke shirya horon a jihohi daban-daban, kuma malamanta duka 'yan sa-kai ne. Da launin hula ake gane matsayinsu: mai ruwan lemo yana koyon koyarwa, mai ja ya ƙware, mai kore shi ne shugaban fili. Kafin a bar kowa ya ɗauko bindigarsa daga mota sai da aka sa mu maimaita ƙa'idoji huɗu da babbar murya: bakin bindiga ya fuskanci inda ba zai cutar da kowa ba, ba a ɗura harsashi sai an ba da umarni, yatsa ba ya kusantar kunama sai an gama saiti, kuma kowa yana da alhakin tsawata wa na kusa da shi. Wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba ce a damana, wani tsohon soja a haguna, kuma ba a sassauta wa ko ɗaya ba.

Maƙwabcina ya ara mini ƙaramar bindiga ƙirar Ruger 10/22, mai cin harsashin .22, wanda ba shi da tsada kuma ba ya dukan kafaɗa. Daga nisan mita 25 ake harbi, sai dai an ƙanƙanta hotunan da ke jikin takarda ta yadda za su yi daidai da abin da ido zai gani a yadi 100, 200, 300 da 400. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarancin ƙarfin da aikin yake bukata. An nuna mana yadda ake zarga maratayin bindiga a dantse a ɗaure shi tamau, har nauyin ƙarfen ya koma kan ƙashi, tsoka ta huta. An koya mana cewa idan mutum ya kwanta rub da ciki ya yi saiti, ya rufe ido ya ja numfashi ya saki, sa'annan ya buɗe ya ga bakin bindiga ya kauce, to ba hannu zai sa ya tanƙwaro ta ba, ƙugunsa zai gyara har jiki da kansa ya fuskanci wurin. Ana jan kunama ne a ɗan tsakanin da numfashi ya fita wani bai shigo ba, a matsa ta a hankali, a kuma riƙe ta bayan harsashi ya tafi. Akwai lissafi ma: kuskuren rubu'in inci a mita 25 ya zama kusan inci guda a yadi 100, don haka kowa da ma'auninsa a aljihu yana ƙidaya yawan juyin da zai yi wa maɓallin saiti.

Da rana ta take aka ce a ajiye makamai a zo a ci abinci. Na koma bayan mota na yi sallar azahar a kan ciyawa, ba wanda ya ce mini uffan, sai wata dattijuwa da ta tambaye ni daga baya ko akwai abin da ba na ci. Muna cikin cin abincin ne mai jar hula ya miƙe, ba littafi a hannunsa, ya soma ba da labarin ranar 19 ga Afrilu, 1775, ranar da aka fara yaƙin neman 'yancin Amurka daga Ingila.

Ya ce Janar Thomas Gage, gwamnan Ingila a Boston, ya tura sojoji wajen 700 cikin dare su je garin Concord su lalata albarushi da makaman da mutanen ƙasa suka tara. Paul Revere da William Dawes suka hau dawaki suna tashin ƙauyuka, kuma da aka kama Revere a hanya, wani likita mai suna Samuel Prescott ne ya ƙarasa da saƙon Concord. Da asuba a dandalin Lexington, Kyaftin John Parker ya tsaya da mutanensa kimanin saba'in da bakwai, aka yi harbin farko, aka kashe takwas daga cikinsu. A gadar arewa ta Concord kuwa wani maƙerin bindigogi daga Acton, Isaac Davis, ya bar 'ya'yansa ba su da lafiya a gida ya shige gaba, kuma yana cikin waɗanda suka fara faɗuwa. Daga nan har Boston, tafiyar kusan kilomita 30, manoma suka bi sojojin sarki da harbi daga bayan katangun dutse da itatuwa. Sai ya kawo Samuel Whittemore, tsoho ɗan shekara 78 a Menotomy, wanda ya tare sojoji shi kaɗai, aka harbe shi a fuska, aka sossoke shi da banati aka bar shi a matsayin gawa, amma ya tashi ya ƙara shekara 18 a duniya. Na waiga na ga tsohon sojan nan yana share ido.

Ni ma jikina ya yi sanyi, amma ba don dalilinsu ba. Mutumin Gombe ne ni, kuma tun muna yara kakana yake ba mu labarin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, bayan Kano ta faɗi a Fabrairu, Sakkwato ta bi a Maris na shekarar. Ƙasa ɗaya ce ta turo sojojin da suka je Concord da waɗanda suka je Burmi, shekara 128 a tsakani. Malamin yana nanata cewa iya harbi da tsayuwar zuciya su suka kori sojojin Ingila, ni kuwa a ganina akwai abin da ya tsallake. A 1775 manomi da sojan sarki bindiga kusan iri ɗaya suke riƙe, mai ƙyastu, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato 'yar'uwar harba-ka-ruga ta maharbanmu. A 1903 kuwa mashi da kibiya da takobi ne suka fuskanci bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Maxim. Mutanen Attahiru ba su gaza na Parker zuciya ba. Hasali ma, dubban Amurkawa ne suka yi ta harbi wunin ranar, amma sojojin Ingila da aka kashe 73 ne, jimillar matattu da masu rauni da ɓatattu ba ta wuce 300 ba, wanda ke nuna yawan jama'a da saurin taruwarsu sun fi gwanintar saiti aiki.

Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu, na ce ko akwai baƙar fata a dandalin Lexington. Malamin bai yi jinkiri ba, ya ce akwai Prince Estabrook, bawa ne a lokacin, yana cikin sahun Parker, kuma an ji masa rauni a kafaɗa. Na ji daɗin yadda ya san sunan, ko da yake sai da na tambaya sunan ya fito. Mutumin da ya zubar da jini don 'yancin da shi kansa ba shi da shi ya cancanci a ambace shi tare da su Davis tun a zagayen farko.

Ranar Lahadi aka shiga jarrabawa. Harsashi 40 ne a mataki huɗu: a tsaye cikin minti biyu, a zaune cikin daƙiƙa 55, a kwance cikin daƙiƙa 65, sa'annan a kwance cikin natsuwa na minti biyar a kan hotuna mafi ƙanƙanta. Cikakken maki 250 ne, wanda ya samu 210 ake ba shi bajen da ke nuna ya zama gwani. Gwiwar hannuna ta saluɓe, wuyana ya ƙage, kuma makina bai kai ba. Yarinyar da ke damana ta haye, aka kira ta gaban jama'a ana tafi, mahaifinta yana ta ɗaukar hoto. Maƙwabcina, wanda ya daɗe da samun nasa, ya ce yawancin mutane ba sa samu a zuwan farko.

A hanyar dawowa ya tambaye ni abin da ya sa na yi shiru, sai na ba shi labarin Burmi daga Sakkwato har bakin ganuwa, da yadda waɗanda suka tsira suka nausa gabas tare da Mai Wurno, ɗan Attahiru, har zuriyarsu ta kafa gari a bakin kogin Nilu a Sudan. Bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin sunayen ba. Ya rage gudun mota ya ce in maimaita masa su a hankali, kuma kafin mu isa gida ya roƙe ni in zo in faɗa wa mutanen cocinsu a taron da suke yi ranar Laraba. Yadda na amsa gayyatar, da abin da Yaya ya ce da na kira shi a Gombe neman ƙarin bayani, shi za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.