Shekara biyu ina horar da hannun bogi

Ƙannena masu burin digirin digirgir a fannin koya wa mutum-mutumi kama abu da hannu, ku zo ku ji inda na yi tuntuɓe.

Shekara biyun farko a gaban kwamfuta na ƙarar da su. Hannun ƙarfe ɗaya ne a ɗakin gwajinmu, sai an bi layi, ga tsoron lalata abin da kuɗinsa ya fi na gidanmu. Sai na fake a manhajar kwaikwayo ta MuJoCo, inda hannun bogi ke ɗaukar kofin bogi sau dubu kafin shayina ya huce. Sakamako ya yi kyau, har na fara jin kaina.

Ranar da layi ya zo kaina, hannun ya kai cafka, kofi ya sulluɓe. Ya sake kaiwa, ya ture shi ƙasa. Hasken taga ya rikita kyamara, robar yatsun ta sha jiki ta yi santsi, ga ɗan jinkiri tsakanin umarni da motsi wanda ban taɓa sa shi a lissafi ba. Farfesana bai ce uffan ba, ya sunkuya ya ɗauko kofin ya miƙo mini. Da ma faɗa ya yi.

Ashe ban karanta aikin na gaba da ni da natsuwa ba. A 2016 masu bincike a Google sun jera hannuwa har 14, suka tara gwajin kamu sama da 800,000 a zahiri. Su ma masu bincike a kamfanin OpenAI, da suka horar da hannu juya kumbon Rubik (ɗan akwatin wasan nan mai fuska shida da ake murzawa don daidaita launuka) a 2019 cikin kwaikwayo, da gangan suka riƙa sauya girma da nauyi da santsi. Ni kuwa kofi ɗaya, nauyi ɗaya, haske ɗaya.

Kuskure na biyu ya fi ban kunya. Na tura maƙala da bidiyon kamu uku da suka yi kyau, na yi shiru kan sauran. Mai tantancewa ya tambaya: cikin gwaji nawa? Aka dawo mini da ita.

Don haka tun watan farko ku taɓa ƙarfe, ko da ƙaramin hannu ne mai arha. Ku zauna da masu ilimin sarrafa motsi, kada ku ce lissafinsu tsohon yayi ne kamar yadda na ce. Kuma ku ajiye littafi kusa da na'urar, duk kofin da ya faɗi ku rubuta lokaci da dalili.