Wasiƙa daga Amurka: abin da ya sa likita ba zai faɗa mini ciwon ɗan'uwanku ba

Assalamu alaikum. Ina fata kowa yana lafiya, kuma ina neman afuwar waɗanda suka aiko da saƙo ban amsa ba. Zan taƙaita gaisuwa, domin maganar da ke tafe da ni tana da tsawo.

A cikin 'yan watannin nan sau huɗu ana kirana daga gida da roƙo iri ɗaya. Wani ɗan'uwa ya zo Amurka neman magani, ko kuma ɗalibi ne aka kwantar da shi, ana so in je asibitin in keɓe da likita in jiyo ainihin abin da ke damunsa, tun da shi majinyacin ba ya faɗa, ko kuwa rabi yake faɗa. Idan na ce ba zai yiwu ba sai a ɗauka ƙyuya ce, wani ma ya ce mini zaman turai ya sa na manta da zumunci. Na yi niyyar in haɗa wannan bayani da na inshorar lafiya da na daɗewar da ake yi kafin a sami ganin babban likita, amma bari in fara da wanda ya fi jawo mini zargi.

Ni ma da kaina na sha wannan ƙin. A shekarata ta farko a nan, mai ɗakina ta je wani ƙaramin asibiti aka ɗebi jininta, bayan kwana uku na buga waya don in ji sakamakon, saboda ita tana kwance. Matar da ta ɗauka ta tambayi cikakken sunan majinyaciyar da ranar haihuwarta, na faɗa, na ji tana danna kwamfuta, sannan ta tambayi sunana. Ta yi shiru kaɗan, ta ce ba ta ga sunana a cikin waɗanda aka yarda a yi magana da su ba. Na ce mata ni ne mijinta, kuma ta wurin aikina ake biyan inshorar. Cikin ladabi ta ce ta fahimta, amma sai dai ita mai jinin ta kira, ko in miƙa mata wayar ta ba da izini da bakinta. Na hau sama da waya a hannu raina a ɓace, mai ɗakina ta ce «na yarda», a cikin minti ɗaya aka karanta mana komai. Daga baya muka gano cewa a cikin tarin takardun da aka ba ta ranar farko akwai layin da ake rubuta sunan wanda aka amince wa, ita kuma ta tsallake shi don ba ta zaci miji yana bukatar a rubuta shi ba.

Tushen wannan duka wata doka ce ta tarayya da ake kira HIPAA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996, ko da yake sashen da ya shafi sirrin majinyata bai fara aiki a kan asibitoci ba sai a watan Afrilun 2003. Dokar ta hau kan likitoci da asibitoci da kantunan magani da kamfanonin inshorar lafiya, da kuma kamfanonin da suke yi musu aiki, kamar masu lissafin kuɗi da masu ajiye bayanai a kwamfuta. A ƙarƙashinta dole ne kowane asibiti ya ba sabon majinyaci takardar da ke bayyana yadda zai yi amfani da bayanansa, ya kuma liƙa ta inda za a gani. Ita ce takardar nan mai shafi uku ko huɗu, da ƙananan haruffa, da ake miƙo wa mutum yana fama da zazzaɓi, ko a nuna masa ita a allon ƙaramar kwamfuta ya zana sa hannu da ɗan yatsa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya karanta ta a ɗakin jira ba, ni ma sai da aka hana ni sakamakon nan na nemo ta a cikin jaka na karanta daga farko har ƙarshe.

Abin da na tarar ya ba ni mamaki. Sa hannun da ake yi shaida ce kawai cewa an ba ka takardar, kuma ko ka ƙi sa hannu asibitin zai ci gaba da abin da ya rubuta a ciki. Mafi yawan takardar kuwa jerin waɗanda za su iya ganin bayananka ne ba tare da an tambaye ka ba. Dalilai uku ne manya. Na farko magani: likitanka yana iya tura fayil ɗinka ga wani likita, ko ɗakin gwaji, ko kantin magani. Na biyu biyan kuɗi: kamfanin inshora yana ganin sunan cutar da duk abin da aka yi maka, domin ba zai biya abin da bai gani ba. Na uku tafiyar da asibitin kansa, wanda ya haɗa da binciken ingancin aiki, da koyar da ɗalibai, da aikin lauyoyi da masu binciken kuɗi. Bayan waɗannan akwai wasu ƙofofin: a kai rahoton cututtuka masu yaɗuwa ga hukumar lafiya, a sanar da hukuma idan ana zargin an ci zarafin yaro, a bi umarnin kotu, a ba 'yan sanda wasu bayanai a bisa sharuɗɗa, a ba masu binciken musabbabin mutuwa. Da na gama karantawa sai na lissafa cewa wani magatakarda a ofishin inshora, a wata jiha da ban taɓa takawa ba, yana iya sanin sakamakon jinin iyalina kafin ni. Har yau wannan yana yi mini nauyi, ko da yake dokar ta ce in ban da batun magani a taƙaita abin da ake bayarwa ga iya gwargwadon da aikin yake bukata.

Akwai wani abu da ko mazauna nan da yawa ba su sani ba, wato dokar ba ta haramta wa likita magana da iyali ba. Idan majinyaci yana nan, aka ba shi dama bai nuna ƙi ba, likita yana iya yi wa matarsa ko ɗansa ko abokinsa bayanin abin da ya shafi jinyar da suke yi. Idan ba ya cikin hayyacinsa, likita yana iya auna abin da ya fi masa alheri. Tsananin da ake gani a bakin tebur sau da yawa ƙa'idar asibitin ce, wadda tsoron tara ya sa suka ɗaure fiye da yadda doka ta nema. Amma a kowane hali zaɓin yana hannun majinyaci, kuma wannan shi ne amsar masu kirana. Idan ɗan'uwanku yana cikin hankalinsa bai ce a faɗa mini ba, babu likitan da zai ja ni gefe. Yana ma iya cewa a cire sunansa daga jerin waɗanda aka kwantar, ta yadda in na je na tambaya za a ce mini ba su da wani bayani game da mai wannan suna, alhali yana hawa na uku a kwance.

Haka abin yake tsakanin iyaye da 'ya'ya. A mafi yawan jihohi, ranar da yaro ya cika shekara 18 fayil ɗinsa ya fita daga hannun mahaifinsa, ko da mahaifin ne ke biyan kuɗin makaranta da na inshora. Duk wanda zai turo ɗansa karatu, ya kamata su zauna tun a gida su yi wannan magana, domin yaron ya san akwai takardar da zai cike ya sa sunan mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da lambar wayarsu, kafin ranar da za a bukace ta. Cike ta ba ya ɗaukar minti biyar, kuma mai ita yana iya janye ta duk sa'ad da ya ga dama.

Takardar tana kuma lissafa haƙƙoƙin majinyaci, kuma a nan ne na ga abin koyi. Kana iya neman kwafin fayil ɗinka, dole a ba ka cikin kwana 30, sai dai a ƙara wasu 30 tare da rubuta maka dalili. Idan ka ga kuskure kana iya neman a gyara, in sun ƙi sai a haɗa bayanin rashin amincewarka a cikin fayil ɗin. Kana iya cewa kada a kira ka a lambar gida, ko kada a aika wasiƙa zuwa adireshin da wani zai buɗe. Kana iya neman jerin wasu wuraren da aka kai bayananka cikin shekara shida da suka wuce. Tun 2013, idan ka biya kuɗin wani magani gaba ɗaya daga aljihunka, ka ce kada a sanar da kamfanin inshora, dole a bi. Ba a sayar da bayananka ko a yi talla da su sai da izininka a rubuce, kuma kariyar tana bin mutum har shekara 50 bayan rasuwarsa. Wanda yake ganin an tauye masa haƙƙi yana da kwana 180 ya kai kuka ofishin kare haƙƙin jama'a da ke Ma'aikatar Lafiya ta tarayya, sai dai wannan doka ba ta ba shi damar maka asibitin a kotu da kansa ba.

A cikin asibiti kuma kwamfuta tana rubuta sunan duk ma'aikacin da ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Nas ɗin da ta leƙa fayil ɗin maƙwabciyarta don son jin gulma tana iya rasa aikinta. A 2010 an yanke wa wani tsohon ma'aikacin asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ɗaurin wata huɗu saboda leƙen fayilolin da ba ruwansa da su, har da na shahararrun mutane, kuma a 2011 asibitin ya biya dala 865,500 a kan irin wannan leƙe da ma'aikatansa suka yi.

Kada wannan ya sa ku zaci sirrin majinyaci a nan yana cikin akwatin ƙarfe. Tara bayanan miliyoyin mutane a wuri ɗaya ya buɗe wa 'yan kutse kasuwa. A 2015 an sace bayanan mutane kusan miliyan 79 daga kamfanin inshora na Anthem, wanda daga baya ya biya gwamnati dala miliyan 16. A watan Fabrairun 2024 aka kutsa cikin Change Healthcare, kamfanin da ke tsakanin asibitoci da masu inshora wajen biyan kuɗi, abin ya shafi mutane kusan miliyan 190, wato fiye da rabin al'ummar ƙasar. Shugaban kamfanin da ya mallake shi ya shaida wa majalisa cewa sun biya kuɗin fansa dala miliyan 22, kuma ɓarayin sun shiga ne ta wata ƙofa da ba a sa mata matakin tsaro na biyu bayan kalmar sirri ba. Doka ta ce a sanar da waɗanda abin ya shafa cikin kwana 60, idan kuma sun kai 500 a sanar da gwamnati cikin wannan wa'adin, ita kuma ta sa sunan kamfanin a wani shafi da kowa ke iya gani. Sanarwar ba ta dawo da abin da ya fita, domin ana iya sauya lambar katin banki amma ba a sauya tarihin ciwo. Ƙari a kan haka, mafi yawan manhajojin waya da agogon hannu da mutane ke zuba musu bayanan barci da bugun zuciya da al'adar mata ba sa ƙarƙashin wannan doka ko kaɗan.

Mu ma a gida ba doka muka rasa ba. A Najeriya dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum da jinyarsa sirri ne, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake yi wa kulawa ta musamman. Sai dai zaman da na yi a nan ya sa na lura cewa yawancin tonon asirin da na sani ba daga likita ya fito ba, daga hannun masoya ya fito. Sau da dama ana turo mini hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp, da cikakken suna da shekaru da sunan cuta, wai in nuna wa wani likita a nan, kuma in na duba sai in ga an riga an tura shi hannu da hannu sau da yawa kafin ya iso gare ni. Mai turowa da kyakkyawar niyya ya yi, amma magana zarar bunu ce, kuma akwai cututtukan da jin sunansu kaɗai yana iya fasa aure ko ya hana mutum aiki. Idan dole ne a tura, a tambayi mai ita tukuna, sannan a rufe sunan kafin a ɗauki hoton. Haka kuma batun tafinta: a nan asibiti yana samar da tafinta ta waya, har da na Hausa a wurare da dama, kuma na ga dattijon da bai iya faɗin ainihin ciwonsa ba sai da aka fitar da ɗansa aka haɗa shi da baƙon da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba.

Na huɗun waɗanda aka roƙe ni a kansu na je na duba shi a makon jiya. Na faɗa masa cewa 'yan'uwansa sun damu, na kuma nuna masa layin da zai rubuta sunan wanda ya yarda da shi idan yana so. Ya rubuta sunan yayarsa kaɗai, ya ce sauran in gaya musu yana samun sauƙi kuma yana bukatar addu'a, kuma iyakar abin da na faɗa musu ke nan. Batun inshora da jiran layi sai a wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.

Naku,
wani ɗan'uwanku mazaunin Amurka