Sikeli Ya Shigo Fagen Dambe, Ya Kamata Mu San Abin da Ke Biye da Shi

A damben gargajiya irin wanda ake yi a Ado Bayero Square da ke Sabon Garin Kano, ido ne ke haɗa wasa: ɗan Kudu ya fito ya nemi ɗan Arewa ko na Guramada, wanda aka nema ya duba, idan sa'ansa ne ya amsa. Yanzu da masu shirya gasa ta zamani suka fara raba 'yan wasa gwargwadon nauyi, kamar yadda ake yi a boksin da kokawa, ina ganin ya dace mu san irin ɓarnar da sikeli ya jawo a ƙasashen da suka riga mu.

Raba aji abu ne mai kyau, domin yana hana ƙato ya murƙushe ƙarami. Matsalar ita ce a manyan gasanni irin su UFC, gasar faɗan da ya haɗa dambe da kokawa ta Amurka, inda Kamaru Usman ya riƙe kambun ajin kilo 77, ana awo ne kwana guda kafin wasa. Sai ɗan wasan da ya zarce ajinsa da kilo biyar ko fiye ya ɗauki 'yan kwanakin ƙarshe yana tatse ruwan jikinsa: ya daina shan ruwa, ya bar gishiri, ya sanya rigar leda yana gudu, ya zauna a ɗakin sirace, wani ma ya haɗa da maganin sa fitsari irin furosemide, wanda WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta. Da ya sauka daga sikeli sai ya koma ci da sha, ya shiga fage washegari ya fi abokin karawarsa nauyi. Abin da ya zubar ruwa ne, kitsen yana nan.

Kimanin kashi 60 cikin ɗari na jikin babban mutum ruwa ne, kuma rashin kashi 2 kacal na nauyin jiki ta hanyar gumi ya isa ya rage kuzari da natsuwa. Idan abin ya yi nisa, jini yana raguwa ya yi kauri, ƙoda ta rasa isasshen jinin da za ta tace, har ta iya tsayawa farat ɗaya. Sinadaran sodiyam da fotasiyam, waɗanda bugun zuciya ya dogara da su, suna rikicewa. Jikin da gumi ya ƙafe masa kuma ba ya iya sanyaya kansa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, ganin cewa a Kano zafin Afrilu yakan haura digiri 40.

An yi asarar rayuka. Tsakanin Nuwamba da Disamba na 1997, ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka rasu a Amurka suna ƙoƙarin rage nauyi, abin da ya sa NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta hana rigar leda da sirace. A Disamba 2015, Yang Jian Bing ɗan ƙasar Sin, mai shekara 21, ya rasu a Manila yana ƙoƙarin rage nauyi, gab da wasansa a ONE Championship, wata gasa irin UFC a Asiya. Ko Khabib Nurmagomedov, fitaccen ɗan wasan UFC, duk da likitoci da ƙwararrun da ke kewaye da shi, sai da rage nauyi ya sa aka kai shi asibiti a Maris 2017, aka soke karawarsa da Tony Ferguson.

Na san wani zai ce ai mun saba da azumi cikin bazara. Mai azumi yana da sahur da buɗa-baki, yana shan ruwa duk dare, kuma ba ya shiga leda don ya ƙaro gumi da gangan. Ba su yi kama ba ko kaɗan.

Bayan rasuwar Yang, kamfanin ONE ya sauya doka, ya zamana ana gwada fitsarin ɗan wasa tare da awo, wanda aka samu jikinsa a bushe ba a karɓar nauyinsa. Na'urar gwajin ƙarama ce da ake riƙewa a hannu, ba ta fi ƙarfin masu shirya gasa a nan ba. Inda babu ita, a maimaita awo da safiyar ranar wasa, a kuma sa malamin asibiti ya duba matashi kafin a ɗaura masa zare a hannu.