Na yi aikin tali a zaɓen kansilolin Ailan, lamba 2 da 3 ne suka raba gardama

Jama'a, duk ranar da kuka ga an fitar da sakamakon ƙirgar farko ta zaɓen kansiloli a Ailan, aka ce wane na kan gaba wance na can ƙasa, kada ku yi saurin yi wa kowa barka ko jaje. A irin zaɓensu a lokacin ne ma ake fara wasan. A zaɓen ranar Juma'a 7 ga Yunin 2024 na yi wa wata 'yar takarar indifenda, wato mara jam'iyya, aikin sa kai, mun bi gida-gida da ita, ranar Asabar kuma aka saka ni cikin masu tali, wato masu sa ido suna lissafa ƙuri'un kowane ɗan takara kafin sakamakon hukuma, a zauren ƙirga, kuma wallahi abin da na gani a wannan zauren ya canja min yadda nake kallon sakamakon zaɓe gaba ɗaya.

Wani zai ce me ya kai baƙo cikin zaɓen mutane? To a Ailan zaɓen ƙananan hukumomi na duk mazaunin ƙasar ne da ya kai shekara 18 kuma ya yi rijista, ko ɗan wace ƙasa ne, har masu neman mafaka suna da ƙuri'a. Majalisun ƙananan hukumomi 31 ne, kujeru 949, an yanka su zuwa mazaɓu 166, kowace mazaɓa da kujeru tsakanin 3 zuwa 7. Takarda ɗaya ake baka da sunayen 'yan takara a jere bisa haruffan sunan danginsu, ga hoton kowa ga tambarin jam'iyya, kai kuma ka rubuta 1 a gaban wanda ka fi so, 2 a gaban na biye, 3, 4, har inda ka ga dama ka tsaya. Ƙuri'arka guda ɗaya ce tak amma tana tafiya, idan na farkonka ya faɗi ko kuma ya samu fiye da abin da yake buƙata sai ta gangara wajen na gaba.

Ƙarfe tara na safe aka fara buɗe akwatuna. Ma'aikata na zaune a dogayen tebura, mu kuma muna tsaye bayan shingen ƙarfe, ba ka da ikon taɓa takarda ko ɗaya, ido kawai. A ranar an haɗa da zaɓen majalisar Turai don haka sai da suka fara raba takardun kashi biyu, suna warware kowace suna ajiyewa fuskarta a sama, a wannan ɗan ƙiftawar idon ne za ka hango inda aka rubuta 1 ka ja layi a gaban sunan mutumin a takardarka, layi huɗu na biyar ya gicciye su. Akwati ɗaya in ya ƙare ka rubuta lambarsa ka miƙa wa yaron da ke kai wa masu kwamfuta, ka koma na gaba. Wuya na ciwo, ido na ruwa, ga hannun ma'aikatan nan da sauri kamar me. Abin da ya fi burge ni shi ne jam'iyyun da suka kwana suna sukar juna a rediyo, a nan haɗa kai suke yi, ɗan Fianna Fáil a wannan tebur ɗan Sinn Féin a wancan, kowa ya kawo nasa a tara a fayil ɗaya, saboda babu jam'iyyar da ke da mutanen da za su tsare kowane akwati. Kafin a yi nisa da rana kowa ya san kusan ƙuri'un farko na kowa, alhali jami'in zaɓe bai ce uffan ba tukuna.

Da alƙaluman tali suka fito tamu 'yar takarar na matsayi na takwas a mazaɓa mai kujeru shida. Jikinmu ya yi sanyi gaskiya. Akwai wani dattijo da ke kusa da ni a shingen, ɗan wata jam'iyya ce daban, ya ce tun yana saurayi yake wannan aikin. Ya karɓi takardar ya duba, bai ma kalli na saman ba, yatsansa ya kai can ƙasa kan waɗanda za a fara fitarwa, ya ce min ɗana, ka bar kallon inda take, ka duba su wa ke ƙarƙashinta da kuma unguwar da suka fito. Biyu daga cikinsu 'yan yankinmu ne, ɗaya kuma mace ce indifenda irin tamu. Ya ce in ta daɗe a tsaye waɗannan duk abincinta ne.

Sai a fahimci kota kafin a gane maganarsa. Ana ɗaukar ƙuri'un da ba su lalace ba a raba da yawan kujeru haɗe da ɗaya, sannan a ƙara ƙuri'a guda. Mu ce misali ƙuri'u 12,000 ne kujeru 5, ka raba 12,000 gida 6 ka samu 2,000, ka ƙara ɗaya, kota ta zama 2,001. Hikimar wannan ɗayan ita ce mutum shida ba za su taɓa samun 2,001 kowannensu ba, don sai an nemi 12,006 kuma babu su. Duk wanda ya kai kota ya ci kujera. In ya wuce, a ce ya samu 2,601, to yana da rarar 600 da ba ya buƙata, sai a koma kan takardunsa duka a duba wa aka ba lamba 2, idan rabinsu sunan mutum ɗaya suka nuna to wannan mutumin zai kwashi rabin rarar, 300 kenan. In babu rarar da za a raba sai a fitar da na ƙarshe a jeri, a bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya a kai kowace wajen wanda mai ita ya zaɓa na gaba. Haka za a yi ta yi, ƙirga ta biyu, ta uku, ta takwas, ta goma, kowane zagaye jami'in zaɓe ya hau mumbari ya karanto sunaye da ƙarin da kowa ya samu, zaure ya yi tsit kowa da biro a hannu.

Kuma duk da hannu ake yi fa. Akwai wani katako mai ramuka a jikin bango, kowane rami da sunan ɗan takara, kana tsaye kana ganin damin takardun mutuminka yana ƙaruwa ko yana nan yadda yake. Ailan ta taɓa sayen na'urorin zaɓe a farkon shekarun 2000, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan amincinsu, a 2009 gwamnati ta yi watsi da shirin. Sikotilan da ta koma irin wannan tsarin a zaɓen kansiloli tun 2007 da kwamfuta take ƙirgawa, ta gama cikin yini. A nan kuwa wasu mazaɓun sai an kwashe kwanaki, balle in an nemi a sake ƙirga. Ni dai na fi son na hannun duk da wahalarsa, domin wanda ya faɗi ya ga faɗuwarsa da idonsa takarda bayan takarda, ba shi da bakin cewa an yi masa wani abu a cikin na'ura.

Zagayen farko-farko ba su yi mana wani daɗi ba, rarar manyan da suka ci tun farko yawanci 'yan jam'iyyarsu ta tafi wa, wannan kowa ya sa rai. Da aka zo fitar da na ƙasa ne abu ya fara motsi. Mutumin farko ɗan yankinmu da aka fitar, na matsa jikin shinge ina kallon ma'aikaciyar tana rarraba takardunsa, sai na ga hannunta yana ta komawa tulin tamu, yana ta komawa, na ji gashin jikina ya tashi. Mutanen nan mun ƙwanƙwasa ƙofofinsu, da yawa sun ce mana a gaskiya lamba 1 ɗinsu ta ɗan unguwarsu ce, ita kuma ba ta taɓa ɓata rai ba, sai ta yi murmushi ta ce ba komai, ku ba ni 2 ko 3. A lokacin ni ina ganin kamar roƙon saura take yi. Ashe ta san abin da take shukawa. Ba ta taɓa zagin abokin takara a bakin ƙofar kowa ba, don mai gidan da kake zagar gwaninsa a gabansa ba zai saka ka ko a lamba 5 ba.

Ta haura ta bakwai, ta daɗe a nan. Can dare ya raba aka ce a dawo gobe. Ranar Lahadi aka fitar da ɗaya matar indifenda, kuma a nan ne ta tsallake ɗan takara na biyu na wata babbar jam'iyya da tun safiyar Asabar yake gabanta. A ƙarshe kujera ɗaya ta rage mutum biyu suka rage, aka fitar da shi, aka bayyana ta ci ba tare da ta kai kota ba, doka ta yarda da haka in waɗanda suka rage daidai suke da kujerun da suka rage. 'Yan uwanta suka ɗaga ta sama a kafaɗa kamar yadda suke yi a can, shi kuma wanda ya faɗi ya ratso taro ya zo ya miƙa mata hannu, idonsa ja.

Abin da ya fi ci min rai a kwanakin nan shi ne tulin takardun da ake warewa gefe a kowane zagaye, waɗanda ba su da inda za su. Mutum ya rubuta 1 kawai ya ninke ya jefa, gwaninsa ya faɗi tun zagaye na uku, shi kenan ƙuri'arsa ta mutu a nan alhali kujerar ƙarshe ƙuri'u ƙalilan ne ke raba ta. Wasu cikin mutanenmu baƙi na ji suna cewa in ka ba wani lamba 2 ka rage wa na farkonka ƙarfi. Sam ba haka ba ne. Ba a kallon lamba 2 ɗinka sai na farkonka ya riga ya ci ko an riga an fitar da shi, babu ta yadda za ta cutar da shi. Ka cika takardar iya yadda za ka iya, wanda ba ka so sam ka bar gabansa fili ko ka sa shi can ƙarshe. Na kuma leƙa lokacin da jami'in zaɓe ya tara wakilai ana duba takardun da ake shakka a kansu, wanda ya rubuta 1 a wuri biyu tasa ta lalace, wanda ya maimaita lamba daga can ƙasa kuwa ana amfani da tasa har zuwa inda ya rikice.

Jam'iyyu ma suna da nasu lissafin da in suka kuskure suke ji a jikinsu. In ƙarfinka na kujera biyu ne ka tsayar da mutum huɗu, ƙuri'unka sun watse, kowannensu ya fara da rauni a yi ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowane zagaye wasu ƙuri'un suna zubewa zuwa wasu jam'iyyu. Sinn Féin ta tsayar da sama da mutum 300 saboda ƙuri'un jin ra'ayi na baya sun nuna ta a sama sosai, ranar zaɓe ta samu ƙasa da kashi 12 cikin 100 na ƙuri'un farko, ta tashi da kujeru 102. Ya fi 81 da ta samu a 2019, amma ya yi nesa da abin da ta ci buri. Fine Gael ta ɗan fi Fianna Fáil ƙuri'un farko, kowacce wajen kashi 23, amma Fianna Fáil ce ta fi kujeru, 248, Fine Gael kuma 245. Shi ya sa za ka ga manyan jam'iyyu suna raba mazaɓa tsakanin 'yan takararsu, takardar talla a wannan unguwa ta ce ba wane 1 wance 2, a waccan unguwar a juya, don kowa ya daɗe a tsaye.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. In mutum ya kai kota a wani zagaye na gaba, damin ƙarshe da ya shigo masa kaɗai ake dubawa wajen raba rararsa, kuma takardun da ke sama ake kwashewa, don haka akwai ɗan rabo na sa'a a ciki, Sikotilan ta kauce wa wannan ta hanyar tura kowace takarda da ɗan gutsuren darajarta. Sannan 'yan jam'iyya ɗaya a mazaɓa ɗaya kan zama kamar kishiyoyi, gabar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninsu da 'yan adawa. Duk da haka mutanen ƙasar sun riƙe abinsu. Tun 1919 aka fara gwada shi a zaɓen majalisar garin Sligo, sau biyu kuma gwamnatin Fianna Fáil ta kai maganar soke shi ƙuri'ar raba gardama, a 1959 da 1968, duka biyun jama'a suka ce a'a. Ni ma da ina nan a'a zan ce. A tsarin wanda ya fi yawa ya kwashe duka, mace irin tamu mara jam'iyya mara kuɗi ko tsayawa ba za ta yi ba, kuma mutanen da suka ba ta 2 da 3 ba su da hanyar faɗin ra'ayinsu na biyu.

Ƙirga na ƙarewa wani ciniki ya buɗe. A irin wannan sakamakon da wuya jam'iyya ɗaya ta samu rinjaye ita kaɗai a majalisa, kuma in ban da Limerick da ta zaɓi magajin garinta kai tsaye a karon farko a ranar zaɓen, kansiloli ne ke zaɓen shugaban majalisa daga cikinsu, shekara-shekara. Don haka sai a zauna a ƙulla yarjejeniya ta shekara biyar, wa zai riƙe shugabanci a wace shekara, wa zai samu wane kwamiti. Ko barci ba ta gama ramawa ba wayar kansilarmu ta fara ƙara, ɓangarori biyu kowanne na neman ƙuri'arta. Mu kuma masu tali ta ce mu kawo mata alƙaluman akwati-akwati, don ta ga unguwannin da ba su ba ta komai ba ta fara shiga cikinsu tun yanzu kafin 2029.