Bututun intakula a zafin Afrilu

Talata. Tun kafin ƙarfe tara rana ta fara gasa kwanon gareji. Wata tirela DAF ta shigo daga Maraban Jos, direban na ta mita: da asuba mota na ja lafiya lau, amma da rana ta take sai ƙarfinta ya ragu a hawa, ga baƙin hayaƙi. Wani ya ba shi shawara ya naɗe bututun intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, gaba ɗaya da ƙyallen hana zafi, har ya biya ta Panteka ya sayo naɗi biyu.

Na ce, "Maigida, bari mu ɗaga kan motar tukuna."

Abin da ke damuna da irin wannan shawara shi ne ba a bambance bututun biyu. Turbo matse iska yake yi, iskar da aka matse kuwa zafi take ɗauka, tana iya wuce digiri 150 in mota na hawa da kaya. Bututun da ya ɗauko ta zuwa intakula yana zubar da wani zafin tun a hanya. Ka naɗe shi, ka lulluɓe mai zazzaɓi da bargo ke nan. Ɗayan, wanda ke kai iskar da ta huce zuwa inji, shi ne abin tausayi, domin duk inda ya raɓi zafin salansa ko iskar lagireto sai ya sake ɗumama. Iska mai zafi ba ta da kauri, gas ba ya ƙonewa sosai, hayaƙi ya biyo baya.

Da muka leƙa ma, ashe ciwon ba a nan kaɗai yake ba. Ƙurar hunturu ta toshe haƙoran intakula, wato siraran ƙarafan da iska ke ratsawa, har da matattun ƙwari da guntun leda a manne. Kilif ɗaya ya saki, baƙin mai ya yi zobe a bakin tiyo, alamar iska na tsiyaya. Muka wanke daga baya da ruwa marar ƙarfi don kada haƙoran su lanƙwashe, muka canza kilif.

Sannan na naɗe kamu uku kacal na bututun sanyi, gefen ƙyallen mai ƙyalli yana waje, na ɗaure da wayar ƙarfe. Yarona ya taɓa ƙyallen ba safar hannu, ya wuni yana susa, laifina ne da ban gargaɗe shi ba. Na ja kunnen direban: in ƙyallen ya sha mai a cire shi, yana iya kama wuta, da damina kuma a riƙa duba ƙarƙashinsa saboda danshi.

Bayan la'asar muka zaga ta baifas har Mando. Da muka tsaya na ɗora tafin hannu a bututun kusa da inji, ɗumi ne kawai. Direban ya ce zai kira ni gobe in ya isa Tafa da kaya. Sauran naɗin na nan a kan bencina, ya manta da shi.